Almakashi a Hannun Suruki

Duk wanda ya taɓa zama a kan keke a masana'antar ɗinkin nan ya san Makanike da hali biyu. Ba ya bi ta gaban teburin guga, ko da ta can hanyar ta fi kusa. Kuma ba ya wuce akwatin da ke manne a bango kusa da ƙofar fita bai tsaya ya leƙa shi ba.

Na farkon ba ɓoyayyen abu ba ne. Mai gugar da ke ƙarshen layi surukarsa ce, uwar matarsa. Inna kowa yake ce mata, har Manaja. Ita ta ba shi 'yarta tun ba shi da komai sai sifana da sukudireba, ita kuma ta samo masa aikin gyaran kekuna daga baya. Shekara goma sha wani abu suna ƙarƙashin rufi ɗaya daga safe zuwa yamma, amma da za a tsare shi a ce ya faɗi ko Inna tana da wushirya, sai dai ya nemi izini ya je ya tambayo matarsa. Abin da ya sani nata shi ne muryarta, da bakin zanenta, da wasu takalman roba shuɗɗa da dunduniyarsu ta cinye ta gefe ɗaya. Da safe daga nesa yake rusunawa, idonsa a kan siminti, ya ce, "Inna, an tashi lafiya?" Ita kuma ta amsa wa dutsen gugarta.

Ita ma ba ta rage masa hanya ba. In dutsen ya lalace, ko yana tsaye kusa da ita, iska take faɗa wa. "A gaya wa mai gyara dutsen nan ya fara fitsarin kwance." Matan layi su kwashe da dariya, wata ta juyo ta ce, "Makanike, an ce a gaya maka." Ba zai zo ba sai ta fita cin abinci. In ya gama ya koma bencinsa, sai ya tarar da kwano a rufe tsakanin gwangwanin man keke da tarin allurai, ba wanda ya ga mai ajiyewa. Kada wani ya ɗauka ƙiyayya ce. Haka aka rene shi, haka aka rene ta, kuma su biyun suna ji da wannan kunya tasu kamar wata dukiya.

Akwatin kuwa, na'urar farfaɗo da zuciya ce a ciki, cikin wata jaka mai hannu. Ba don Makanike ba da kalanda kawai za a rataya a bangon nan.

Mahaifinsa a tashar mota ya faɗi, da jaka a kafaɗarsa, da rana tsaka, cikin mutane sun fi a ƙirga. Makanike yana wurin. Wani ya kwara wa tsohon ruwa, wani ya yi ta fifita da kwali, wata ta ce a buɗe masa baki a ɗura madara. Kowa ya yi abin da ya iya, abin da suka iya ɗin ne ba ya magani. Daga baya wani likita ya zaunar da shi ya ce sau da yawa zuciya ba tsayawa take yi farat ɗaya ba, karkarwa take fara yi, kuma akwai na'urar da in an manna ta a mintunan farko takan girgiza zuciyar ta dawo hayyacinta. "Da akwai ta a tashar," in ji likitan, "mai yiwuwa da ya tashi."

Wannan "mai yiwuwa" ita ta tsaya wa Makanike a maƙogwaro. Ya tasa Manaja a gaba. Ya tare shi a ofis, ya tare shi a bakin mota, har sai da Manaja ya koma shigowa ta ƙofar sito. Dogo mai yanka kuwa abin dariya ya samu. Yana zana alli a kan yadi yana cewa, "Kai dai Makanike, shure-shure ba ya hana mutuwa. In kwana ya ƙare ko turansifoma ka jona wa mutum ba zai tashi ba."

Ranar da aka yi taron ma'aikata Makanike ya sake tayar da maganar, aka fara gunaguni ana duba agogo. Sai aka ji murya daga wajen teburin guga, ba a ɗaga ta ba, amma kowa ya ji.

"Uwata haka ta faɗi tana shanya. Ƙanwarta ma haka, a bakin murhu. A gaya wa Manaja ya saya."

Manaja ya saya. Wa zai ja da Inna?

Wata ma'aikaciyar jinya ta zo koyar da su, da wani mutum-mutumin roba a ƙarƙashin hammatarta. An taru da farko, amma ana jiran kaya a wannan makon, sai mutane suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya suna komawa kan kekunansu. Uwar Layi, wadda ke kula da matan ɗinki, ta tsaya har rabi aka kira ta. Makanike kaɗai ya kai ƙarshe. Ya koyi danna ƙirji da ƙarfi ba tare da tausayi ba. Ya koyi inda ake manna filasta biyun nan masu waya, ɗaya ƙasa da ƙashin wuya ta dama, ɗaya a haƙarƙarin hagu. Ma'aikaciyar ta ɗaga ɗan almakashin da ke cikin jakar ta ce, "Filastar nan fata take so. Ko rigar waye, a yanke. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi." Ya yi dariya ya gyaɗa kai, don abin bai yi masa kama da wahala ba. Mutum-mutumin namiji ne, ba riga a jikinsa, kuma ba shi da dangi a masana'antar.

Matarsa ce ta sha wa'azin. A gida ya ɗauko matashin kai ya shimfiɗa a tsakar ɗaki, ya koya mata, ya sake koya mata, har ta haddace. Tana yanka albasa yana bayanta yana cewa kowane minti da ya wuce mutum yana ƙara nisa, kuma ba ya dawowa da ƙafarsa. "Na ji, likitan kekuna," takan ce. "Matsa min in wuce." 'Yarsu, wadda ta fara tasawa, in ta ga ya ɗauko matashin sai ta tuna tana da karatu a gidan maƙwabta.

Kullum da safe yakan leƙa ya ga 'yar koriyar fitilar na ƙiftawa, ya hure ƙurar zare daga saman akwatin. Wata rana ya tarar da wani ƙyalle a bencinsa, an haɗa shi da ragowar yadi, an dace shi da girman akwatin, an goge shi har gefensa kamar ya yanki mutum. Bai tambaya ba. Ya shimfiɗa shi a saman akwatin, washegari ya ƙara rusunawa fiye da kullum.

Ranar da abin ya faru, kayan 'yan makaranta ake ɗinkawa, kuma an makara. Ana gab da tashi cin abinci. Tururi ya cika ƙarshen ɗakin, fankokin sama suna ta juya zafi daga wannan kusurwa zuwa waccan. Makanike yana kwance a ƙarƙashin wani keke yana canza bel, sai ya ji ƙarar ɗakin ta fara raguwa. Keke ɗaya ya tsaya, na kusa da shi ya tsaya, haka har layin ya yi tsit. Sai ƙaurin yadi da aka bar wa dutse a kai.

"Inna ta faɗi," wata ta ce.

A yi masa adalci, abin da ya fara yi daidai ne. Bai nufi wajenta ba, akwatin ya nufa. Ya fizgo jakar, ya ce wa Dogo ya kira motar asibiti, ya ratsa ta gaban teburin guga, hanyar da ƙafarsa ba ta taɓa bi ba. Matan sun riga sun yi mata zobe. Ga mai roba da ruwa, ga mai fifita da kwali, kamar dai tashar nan ce aka ɗauko aka dire masa. Ya ce su ba shi wuri da wata murya da ba su san shi da ita ba, suka dare.

Ya durƙusa, ya ga fuskarta. Ashe tana da wushirya, irin ta matarsa sak. Ɗankwalinta ya zame, furfura ta fito, leɓɓanta sun yi toka-toka. Tana jan wani irin numfashi jefi-jefi, mai kama da minshari.

"Alhamdu lillahi, tana numfashi," in ji Mai Maɓalli, wadda kekenta ke kusa da teburin.

"Ba numfashi ba ne," ya ce.

Ya ɗora hannuwansa a ƙirjinta ta saman rigar aiki, ya runtse ido, ya danna. Wannan ya iya, don akwai yadi tsakaninsu. Ya danna yadda aka koya masa, har ya ji wani abu ya ɗan ƙara a ƙarƙashin tafinsa, bai tsaya ba. Da hannu ɗaya ya buɗe jakar ya kunna na'urar. Ta yi magana da muryar mace, a natse, kamar mai karanta sanarwa.

"A cire duk tufafin da ke ƙirji."

Ya ɗauki almakashin. Ya sa shi a wuyan rigar aikin ya tsarge ta har ƙasa, yanka ɗaya miƙaƙƙe. Wannan rigar ta masana'anta ce, kowa yana da irinta. A ƙarƙashinta sai ga rigar Inna ta kanta, mai ɗigon furanni, wadda da shi aka je kasuwa matarsa ta zaɓa mata. Ta wuyan rigar ana hango bakin farar rigar ciki, gumi ya manne ta da fata.

Hannunsa ya tsaya.

Wata daga baya ta ce, can ƙasa-ƙasa, "Subhanallahi, surukinta ne fa." Ba tsawa aka yi masa ba, ba a riƙe masa hannu ba. Mai Maɓalli ta janyo wani yadi daga kan tebur ta lulluɓa wa Inna daga wuya zuwa gwiwa, irin yadda mace kan yi wa 'yar'uwarta ba tare da ta yi tunani ba. Mazan da suka taho da gudu suka fara ja da baya suna kallon rufi.

"A cire duk tufafin da ke ƙirji," na'urar ta sake cewa.

Makanike ya sani sarai abin da ya kamata ya yi. Wannan shi ne abin baƙin cikin, ba jahilci ba ne ya kama shi. Zuciyarsa ce ta kawo masa wata shawara mai kama da hankali: ga mata cike da ɗaki, ga Uwar Layi da ta ga rabin darasin, yankan riga aikin daƙiƙa nawa ne a hannun mai ɗinki? In Inna ta tashi ta ji shi ne ya tuɓe ta a gaban jama'a, da wane ido za su sake zama a ɗaki ɗaya? Ya riga ya fara tunanin tashinta, alhali tana kwance tana tafiya.

Ya miƙa wa Uwar Layi almakashin. "Yanke duka. Ɗaya nan, ɗaya nan." Ya nuna a jikinsa. Sannan ya miƙe ya juya baya.

Bangon da ya fuskanta shi ne mai akwatin. Ƙofar akwatin a buɗe, ƙyallen Inna a samansa, agogon masana'anta a sama da su.

Uwar Layi mace ce da ke iya tsawata wa mata hamsin su yi shiru, amma a ranar ta durƙusa tana kawar da kai. Ba ta ɗaga lulluɓin ba. Ta cusa hannu ta ƙarƙashinsa tana lalube, tana yanka tana salati. Makanike yana jin ƙarar almakashin, ƙyas, ya tsaya, ƙyas, ya tsaya.

"Kin yanke?"

"Na yanke."

"Manna."

Na'urar ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce, "A duba filastar. A manna a kan fata."

"Kin cire duka?" ya tambayi bango.

"Na cire," in ji Uwar Layi. Ba ƙarya ta yi niyyar yi ba. Ta cire iyakar abin da take ganin ana cire wa dattijuwa a gaban mutane. Rigar cikin siririya ce, kuma a jiƙe take, a ganinta lantarkin da ke bin waya mai roba ba zai gagara ratsa ɗan wannan ba.

"A duba filastar. A manna a kan fata."

"Danna su da kyau. Wata ta riƙa danna mata ƙirji, kada a tsaya."

Mai Maɓalli ta durƙusa ta ɗora hannu a kan lulluɓin. Bai gani ba, amma ya ji, don danna ta gaskiya tana da ƙara, wannan kuwa ba ta da ita. Shafawa take yi, yadda ake lallashin yaron da tari ya sarƙe, tana cewa, "Sannu Inna, sannu."

"Da ƙarfi," ya ce.

"Kada in karya ta."

Dogon hannun agogon ya bar inda yake ya koma gaba. Makanike yana kallonsa. Hawaye yana bin fuskarsa yana shiga bakinsa, ƙafafunsa kamar an dasa su. Sau biyu kafaɗarsa ta fara juyawa, sau biyu wuyansa ya ƙi. Shekarun da ya yi yana koya wa idonsa kallon siminti sun fi ƙarfin yinin da ya yi da mutum-mutumin roba. Na'urar tana ta maimaita maganarta ba gajiya ba fushi, hannun agogon ya sake matsawa, ya kuma sake.

Abin da ya juyo da shi shiru ne. Minsharin nan da Inna ke ja jefi-jefi, ya saurara ya ji na gaba, bai zo ba.

Ya juyo ya fizge lulluɓin ya yar. Wata ta ce "Kai," ba wanda ya kula ta. Ya ga filastar biyu a manne a kan farar rigar, ɗaya ma a karkace. Ya karɓe almakashin ya tsarge rigar cikin, ya ɓalle tsofaffin filastar da gashin yadi ya riga ya kashe musu danƙo, ya goge gumin da gefen rigarsa, ya farke wasu na ajiya da ke cikin jakar ya manna. Ƙirjin tsohuwa ne kawai, wanda ya shayar da matarsa. Duk aikin bai kai canjin allura ɗaukar lokaci ba.

"Kada a taɓa mara lafiya. Ana dubawa."

Ɗakin ya yi tsit, sai fankoki.

"Ba a buƙatar girgiza. A ci gaba da danna ƙirji."

Matan suka sauke ajiyar zuciya, wata har ta ce an gode Allah, a zatonsu albishir ne. Makanike kaɗai ya san fassarar. Na'urar ba ta sami karkarwar da za ta girgiza ba. Ya ɗora hannu a kan fatar ya danna, ya yi ta dannawa, gumi na ɗiga daga haɓarsa, har masu motar asibiti suka iso suka janye shi ta kafaɗa.

Sun yi nasu ƙoƙarin a nan ƙasa tsakanin teburin guga da kwandon riguna. Da suka gama, babban cikinsu ya miƙe yana cire safar hannu, ya tambaya, "Tana faɗuwa aka manna mata?"

"Nan take," in ji Uwar Layi, tun kafin Makanike ya buɗe baki.

"To kun yi iya yinku. Wani lokaci ko an manna da wuri ba ta samun abin girgizawa."

Wannan ma gaskiya ce. Makanike ya rungume ta da hannu biyu, don ba shi da wani abin riƙewa.

A gidan Inna aka yi zaman makoki. Maza a waje a kan tabarmi, jikin tagar ɗakin da mata suke. Dogo ya zo ya zauna kusa da shi, ya dafa masa gwiwa. Bai ce "ban gaya maka ba", Allah ya saka masa. Cewa ya yi, "Kwana ne ya ƙare, Makanike. Na ga yadda ka yi da idona."

Washegari matan masana'anta suka zo a ayari. Kafin su iso labarin ya riga ya sami siffarsa, an goge shi an ninke. Ta taga Makanike ya ji muryar Mai Maɓalli tana yi wa matarsa ta'aziyya, kuma da zuciya ɗaya take yi.

"Ke dai ki gode wa Allah, kin yi dacen miji. Irin wannan tarbiyya ta ƙare a duniya. Abin nan yana ta cewa a tuɓe a tuɓe, bawan Allah nan ya miƙa wa Uwar Layi almakashi ya juya baya. Ya daɗe a tsaye yana kuka, wallahi bai waiwayo ba sai da abu ya gagara. Ko a wannan hali bai keta mata haddi ba."

"Ɗan halak," in ji wata tsohuwa.

"Inna ta tafi da mutuncinta," wata ta ƙara.

Ya kasa kunne ya ji abin da matarsa za ta ce. Muryoyin masu ta'aziyya kawai yake jiyowa. Wani ya miƙo masa hannu yana gaisuwa, ya karɓa bai san ko waye ba.

Sai da mutane suka ragu, bayan kwana biyu, ta aiko 'yarsu ta kira shi. La'asar ce, rana ta shigo ta tagar ɗakin Inna ta kwanta a kan gado. Matarsa tana tsaye a bakin gadon da wata leda da asibiti suka bayar, ta kayan da aka cire wa mamaciya. Ta sallami yarinyar, ta tura ƙofa.

Ta fito da rigunan ɗaya bayan ɗaya ta shimfiɗa. 'Yar mai guga ce, a cikin yadi ta girma, ba a koya mata karanta yanka.

"Wannan hannunka ne," ta ce, ta bi tsagar rigar aikin da yatsa. Ta matsa kan mai furannin, wadda aka yi wa yanka gutsi-gutsi a karkace. "Wannan ba naka ba ne." Sannan ta ɗaga farar rigar cikin. Tsagarta miƙaƙƙiya ce, amma a jikinta akwai tabo biyu masu kusurwa huɗu, inda danƙon filasta ya kama yadin. Ta riƙe ta a cikin hasken ta daɗe.

"Baban yarinya," ta ce, "tsakanin wannan yankan naka da wancan, minti nawa ne?"

"Ban ƙirga ba."

"Kai da ke ƙirga wa matashi?"

Daga waje ana jin wata tana wanke kofuna.

"Mai motar asibitin ya ce ko an manna da wuri, ba lallai ba ne," ya ce. "Ya ce wani lokaci..."

"Na sani. Mai yiwuwa da ba ta tashi ba." Ta ninke rigar biyu. "Mai yiwuwa kuma da ta tashi."

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Kalmarsa ce, wadda ya shigo da ita gidansu ya yi shekaru yana taunawa a gabanta, yau ta miƙo masa abarsa.

"Kunya na ji," ya ce. "Inna ce fa."

"Ni na yi mata wanka, ni da goggo. Ba abin da muka bari a jikinta. Na ga shatin hannunka a ƙirjinta, na ce Allah ya yi maka albarka, mijina ya yi yaƙi a kan uwata. Sai ga su sun zo suna yabonka." Ta ajiye rigar. "Ina jin haushinka, kuma ban san ranar da zan daina ba. Gara in faɗa maka da bakina."

Ta mayar da rigunan cikin ledar, ta ɗaure bakinta, ta zauna a gefen gadon.

"Kakata haka ta faɗi. Ƙanwarta haka. Yanzu Inna. Ba sai likita ya gaya min wa ke layi ba. In a gabanka na faɗi, na san za ka yanke, ni matarka ce. Amma ba kullum kake gida ba, yarinyar nan kuma girma take yi. Ranar da ta kawo miji, kada ka yaba masa don ya iya gaisuwa daga nesa. Ka riƙo hannunsa ka kawo shi gabana, ya kalle ni tun ina tsaye."

Ya gyaɗa kai.

"Ɗago ka dube ni, ka ce ka ji."

Ya yi niyyar ɗagowa. Wuyan nan dai ya ƙi, kamar yadda ya ƙi a gaban agogo. Idonsa yana kan siminti, kuma abin da yake iya gani nata bakin zane ne da ƙafafu. Ta zura takalman da ta tarar a bakin ƙofa, shuɗɗan nan na roba da dunduniyarsu ta cinye ta gefe ɗaya.